Gilaikolik Asid a Fata, Gashi da Farce: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya yanzu a shiga shagon kayan kwalliya ba a ga gilaikolik asid ba. Yana cikin tona (ruwan da ake goge fuska da shi bayan an wanke ta), yana cikin sabulun wanke fuska, yana cikin man jiki, har kayan gashi ya shiga. Yana aiki, wannan babu ja. Sai dai a baƙar fata tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna 'yar ƙarama ce, domin fatarmu duk inda ta ji ciwo tabo take bari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne gilaikolik asid, kuma me yake yi wa fata?

Sinadari ne mai tsami daga dangin da ake rubuta wa AHA a jikin kwalba, shi kuma za ki ga an rubuta Glycolic Acid. 'Yan uwansa sun haɗa da laktik asid da ake samu a nono mai tsami, da sitirik asid na lemo, da mandelik asid. Akwai shi a cikin rake, amma na kayan shafa a masana'anta ake haɗa shi, saboda haka shafa ruwan rake a fuska ba zai ba ki komai ba sai danƙo.

Saman fata matattun ƙwayoyi ne jere a kan juna kamar tubalin da laka ta riƙe. Asid ɗin yana sassauta wannan lakar, sai na saman su zube da wuri, na ƙasa masu santsi su fito. Fatar matashi takan sabunta kanta cikin kimanin kwana 28, kuma lokacin yana ƙara tsawo yayin da shekaru ke ja. Masu bincike biyu a Amurka, Eugene Van Scott da Ruey Yu, su ne suka nuna wannan aikin na asid ɗin a 1974, lokacin da suke neman maganin wata cuta da ke sa fata ta yi kauri tana ɓawo-ɓawo.

A duk danginsa shi ne mafi ƙanƙantar ƙwaya. Nauyin ƙwayarsa 76 ne, na laktik 90, na mandelik 152. Ƙanƙantar ce ke sa ya ratsa fata da sauri, ita ce kuma ke sa ya fi sauran raɗaɗi.

Zai sa ni fari?

A'a. Ba ya canza launin da Allah ya halicce ki da shi. Abin da yake yi shi ne kawar da dushewa, da taimaka wa tabon kuraje ya gushe da sauri, har fuska ta koma launi ɗaya. Idan kin ga wata ta yi fari fat cikin mako guda da abin da aka ce mata gilaikolik ne, to ɗayan biyu: ko an zuba wani abu a ciki ba a faɗa ba, ko fatarta ce ta saɓe. Hasken fatar da ta saɓe rauni ne, kuma in ya warke yakan dawo da duhun da ya fi na da.

Kashi nawa ya kamata in saya?

Kwamitin masana da ke tantance sinadaran kwalliya a Amurka ya yanke a 1998 cewa na amfanin gida kada ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma ma'aunin tsaminsa, wato pH, kada ya gaza 3.5 (yadda lambar ke raguwa haka tsami ke ƙaruwa). Ga ƙwararru a gidajen gyaran jiki ya yarda har kashi 30, na ɗan lokaci sannan a wanke. Abin da ya haura wannan, har zuwa kashi 70, aikin likitan fata ne.

Mai farawa ta nemi kashi 5. Tona biyu da suka fi yawo a kasuwa su ne Pixi Glow Tonic mai kashi 5 da na The Ordinary mai kashi 7. Wadda fatarta ke saurin ƙaiƙayi gara ta fara da sabulun wanke fuska mai asid ɗin, tun da minti ɗaya kawai zai yi a wanke shi, ko ma ta bar gilaikolik gaba ɗaya ta ɗauki mandelik ko laktik. Fatar jiki ta fi ta fuska kauri, tana jure man shafawa mai kashi 8 zuwa 12.

Duk kwalbar da ba a rubuta kashi nawa ke cikinta ba, a bar ta a kan kanta.

Me ya sa wani mai kashi 5 ya fi wani mai kashi 10 zafi?

Saboda pH. Ba duk asid ɗin da ke cikin kwalba ke iya shiga fata ba, sai sashen da yake a sake, wanda ba a kashe masa tsami ba. A pH 3.83 rabinsa ne a sake. In aka sauko 3.5 ya kai kusan kashi 68 na abin da aka zuba, in aka hau 4.5 bai wuce kashi 18 ba.

Yi lissafin da kanki. Mai kashi 10 a pH 4.5 yana ba ki kimanin 1.8 mai aiki. Mai kashi 5 a pH 3.5 yana ba ki kimanin 3.4, kusan ninki biyu. Shi ya sa lambar da ke gaban kwalba ba ta isa hukunci ba. Kamfanonin kirki sukan faɗi pH ɗin kayansu, kuma tsakanin 3.5 da 4 ne wurin da ya dace da amfanin gida.

Yaya zan fara amfani da shi?

Da gwaji. Ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ki jira kwana 2. A baƙar fata ja ba ya cika nunawa, don haka kada ki tsaya jiran ganin ja. Ki duba ko wurin ya yi duhu, ko ya kumbura, ko ya fitar da ƙananan kuraje, ko yana ƙaiƙayi.

In babu komai, ki fara da dare. Bayan sallar isha'i ya fi, domin daga nan babu sauran wanke fuska sai asuba. Ki wanke fuska da sabulu mai laushi, ki tsane ta, ki bar ta ta bushe sarai na minti 5 zuwa 10. Wannan jiran yana da muhimmanci: jiƙaƙƙiyar fata tana jan asid fiye da kima, daga nan raɗaɗi ke zuwa. Sai ki ɗiga tonar a auduga ta jiƙe ba tare da tana ɗiga ba, ki shafa sau ɗaya ba gurzawa, daga goshi zuwa kumatu zuwa haɓa. In siram ne, wato ruwan shafawa mai ɗan kauri da ake ɗigawa, ɗigo 3 ko 4 sun wadatar. Kewayen ido, leɓe, gefen hanci da kusurwar baki a ƙyale su. In kina tsoron ya gangara can, ki fara shafa musu basilin. Bayan kamar minti 10 ki bi da man da ke riƙe danshi, mara turare.

Makonni biyun farko sau ɗaya a mako. Na uku da na huɗu sau biyu. In fata ta amsa lafiya za a iya kai wa sau uku, kuma yawancin mutane a nan ya kamata su tsaya, ko da an rubuta a kwalbar cewa kullum. Santsi yakan fara bayyana cikin mako 2 zuwa 4. Tabo kuwa sai an yi haƙurin wata 2 zuwa 3, tsohon tabo ma fiye da haka.

Ina jin raɗaɗi in na shafa. Alamar yana aiki ne?

Ɗan tsikari na minti ɗaya ko biyu ba matsala ba ne. Zafin da ya wuce minti 5, ko wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa, a wanke shi nan take da ruwa mai yawa. Zafi ba ma'aunin aiki ba ne, kuma ba sai kin ga fata tana saɓa ne asid ya yi aikinsa ba.

Alamomin an wuce gona da iri sanannu ne: fuska tana ƙyalli ba tare da maiƙo ba, tana ɗaurewa in kin yi murmushi, man da kika saba shafawa ya fara yi miki zafi, har ruwan alwala ma, ga kuraje ƙanana a wuraren da ba ki saba yi ba. In haka ta faru a ajiye duk wani asid na mako 2 zuwa 4. Sabulu mai laushi, man danshi, basilin da dare, man kariyar rana da safe, shi ke nan.

Na fara don tabo ya tafi, sai fuskata ta ƙara baƙi. Me ya faru?

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace yawa a masu baƙar fata, kuma hanya biyu take zuwa.

Ta farko ta kumburi. Ƙwayoyin da ke samar da launi a fatarmu suna da kuzari sosai. Duk abin da ya fusata fata, ko kurji ne, ko ƙuna, ko gurza, suna amsawa da zubo ƙarin launi a wurin. Asid da ya yi yawa fusatarwa ne kamar kowace, ko da idonki bai ga ja ba. Abin da ya fi muni shi ne in kumburin ya yi zurfi launin yakan faɗa can ƙasan fata, inda babu man shafawa da ke kai wa, sai tabon ya yi toka-toka ya daɗe watanni ko shekaru. Yawanci in mace ta ga duhun ya ƙaru sai ta ƙara yawan shafawa, ko ta sayo mai kashi mafi yawa, garin neman gira a rasa ido.

Ta biyu ta rana. Asid ya rage kaurin matattun ƙwayoyin da ke tare wani sashe na hasken rana. A binciken da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ɗauki nauyi, bayan mako 4 ana shafa shi saurin ƙunar rana ya ƙaru da kashi 18, kuma ya koma daidai cikin mako guda da dainawa. Shi ya sa hukumar ta ba kamfanoni shawara a 2005 su riƙa rubuta gargaɗin rana a jikin irin waɗannan kayan. Wadda ke shafa asid da dare ta fita tsakar ranar Maris ko Afrilu ba kariya, tana goge tabo ne da hannu ɗaya tana zuba sabo da ɗayan.

Mafita: a dakata har fata ta huce, a kama man kariyar rana, sannan a dawo da rabin abin da ake yi da.

Baƙar fata ma tana buƙatar man kariyar rana?

In dai ana shafa asid, dole ne. Wadda ta san ba za ta iya shafa shi kullum ba, shawararmu kada ta sayi gilaikolik. A nemi mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikinsa. Yawan da fuska da wuya ke buƙata shi ne layi biyu a tsawon yatsa manuniya da ta tsakiya. Yawancin mutane rabin haka ma ba sa shafawa. In ana waje a sake bayan awa 2, kuma alwalar azahar da ta la'asar suna wanke shi, sai a maimaita in za a sake fita. Masu baƙin kumatu irin wanda ke zuwa da juna biyu su nemi mai launi kamar hoda, domin sinadarin ƙarfen da ke ba shi launin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara irin wannan duhun. Hijabi da inuwa suna taimakawa, amma goshi da kumatu a buɗe suke.

Da me zan iya haɗa shi, da me kuma ba zan haɗa ba?

Yana tafiya lafiya da niyasinamaid, hayaluronik asid, gilisarin, seramaid da man kaɗanya. Retinol ko tiretinoyin, benzoyil feroksaid, da salisilik asid kada su haɗu da shi a dare ɗaya. A raba musu kwanaki, a bar wani daren babu komai sai mai. Bitamin C a bar shi da safe.

Sai a kula da abin da mutane ba sa lissafawa: soso mai kaushi, sikirob na sukari ko kofi, da lemon tsami. Duk goge fata suke yi, in aka ɗora su a kan asid an yi aiki biyu a fata ɗaya. Sabulun salo yana da kaifin toka, pH ɗinsa sama yake sosai, yana busar da fuska. In kina son sa, kada ya zama a daren asid. A duba kuma jerin sinadaran kayan da ake da su, domin ana iya samun asid a sabulu, a tona da mai gaba ɗaya ba a sani ba.

Na daɗe ina shafa man bilicin, yanzu ina so in daina. Zan iya komawa kansa?

Ba yanzu ba. Yawancin mayukan haɗi da na tub suna ɗauke da sinadarin siteroid irin su kilobetasol ko betametason, wasu da haidirokwinon, wasu har da makuri. Siteroid yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsaga jiki. Asid a kan irin wannan fatar ƙuna ce kai tsaye, kuma yana buɗe hanya sauran sinadaran su ƙara shiga jiki. Hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a 2023.

Daina siteroid farat ɗaya bayan dogon lokaci yakan tayar da kuraje, zafi da ƙaiƙayi, don haka a ga likitan fata ya tsara yadda za a janye a hankali. Sai fata ta yi watanni ta dawo da kaurinta sannan a yi maganar asid. Baƙin da haidirokwinon ke bari a kumatu, mai shuɗi-shuɗi da gudaji ƙanana, gilaikolik ba ya taɓa shi.

Bikina saura wata ɗaya, kuma za a yi mini dilka da halawa. Ya zan tsara?

Wata ɗaya bai isa a fara sabon asid ba. In zai ba da matsala, daidai ranakun biki zai bayar. Wadda ke son amfaninsa ta fara wata 3 kafin.

Wadda ta riga ta saba da shi ta dakatar mako guda kafin halawa. Halawa tana ɗauke gashi tare da wani sashe na saman fata, in asid ya riga ya sassauta wurin sai ta ɗauko da fata mai rai, a wayi gari da faci-facin baƙi a hannu da ƙafa. Bayan halawa a jira aƙalla kwana 3. Duk kwanakin dilka ma babu asid, domin murzar da ake yi ta wadatar. A tambayi mai gyaran jiki abin da ta zuba a haɗinta. Sannan asid yana sa lalle ya koɗe da wuri, a nisanta shi daga hannu da ƙafa bayan ƙunshi.

Yana maganin kurajen fuska?

Yana taimakawa a kan ƙananan da ke toshe ƙofofin gashi da tabon da suke bari. Ga fuska mai maiƙo salisilik asid ya fi shi, domin yana narkewa a mai, yana shiga cikin ƙofar. Manyan kuraje masu zafi da ke zaune a ƙarƙashin fata kuwa, na likita ne. A makonnin farko kuraje na iya ɗan ƙaruwa a wuraren da kika saba yi. In sun wuce mako 6, ko sun fito a sabon wuri, fatar ce ba ta karɓe shi ba.

Hammata, gwiwa, wuya da matsematsi fa?

A hammata yana rage wari, domin ƙwayoyin cutar da ke juya gumi ya yi wari ba sa son tsami. Ba ya hana gumi. Sai dai hammata wuri ne mai laushi, rufaffe, mai gogayya, kuma rufewa tana ƙara wa asid ƙarfi. Sau 2 a mako a busasshiyar fata ya isa, kuma ba a ranar aski ko washegarinsa ba. Gwiwa da gwiwar hannu sun fi jurewa, amma duhunsu daga durƙuso da jingina yake zuwa, saboda haka ragewa zai yi, ba gushewa ba. Ƙananan gudaji masu kaushi a bayan damtse da cinya suna laushi da man kashi 10, suna kuma dawowa in an daina. Al'aura da kewayenta ba wurin asid ba ne ko kaɗan.

Wuya na da magana ta daban. In bayan wuya da hammata sun yi baƙi mai kauri da taushi, wanda wanka ba ya fitarwa, sau da yawa alama ce ta jiki ba ya amsa insulin yadda ya kamata. Wannan ba dauɗa ba ce. A je a auna sukari.

Zai cire kaushi da faso?

Kaushi, eh. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, a goge da dutsen goge ƙafa a hankali, a tsane, a shafa man gilaikolik mai kashi 10 zuwa 15, a bi da basilin, a sa safa a kwana. In fason ya buɗe har yana jini ko zafi, basilin kawai har ya rufe. Man yuriya mai kashi 20 zuwa 25 yakan fi shi aiki a diddige, ya kuma fi sauƙin zafi. Mai ciwon sukari kada ya sa asid ko reza a ƙafarsa sai da izinin likita, domin yana iya ƙonewa bai ji ba.

Ni namiji ne, kurajen aski sun dame ni. Zai yi mini amfani?

Zai yi. Gashin gemu mai murɗewa in aka aske shi ƙasa sosai, tsininsa yakan lanƙwasa ya soki fata, wurin ya kumbura ya bar tabo. Asid yana rage matacciyar fatar da ke rufe bakin gashin. Ka shafa kashi 5 zuwa 8 da dare, sau 2 ko 3 a mako, kwana ɗaya bayan aski ba ranar ba. Amma gyaran aski ya fi asid muhimmanci: ka yi amfani da kilifa ka bar ɗan tsawo kamar milimita 1, ka bi yadda gashin ya kwanta, kada wanzami ya ja fata yana aski. Kurajen ƙeya masu tauri da ke haɗewa su zama tudu wata cuta ce daban, a kai wa likita da wuri kafin gashin wurin ya mutu.

Ana sa shi a kai? Yana maganin amosani?

Ana sawa a fatar kai don ɓamɓare tarin mai da matacciyar fata, musamman bayan an tsefe kitson da ya daɗe. A tsaga gashi layi-layi, a ɗiga tona mai kashi 5 zuwa 7 a fatar, a bari minti 10, a wanke da shamfu, a bi da kwandishana. Sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Kada a kwana da shi, kada a sa a kan da aka sosa ya yi rauni, ko sabon kitso mai ɗaurewa. Mai sa rilaksa ta bar mako 2 kafin da mako 2 bayan, domin rilaksa kanta tana ƙona fatar kai.

Amosani kuwa wani nau'in naman gwari ne da ke rayuwa a maiƙon kai ke tayar da shi. Asid zai ɗauke ɓawon, amma zai dawo. Maganinsa shamfu mai ketokonazol ko seleniyom salfaid, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye. Makero a kan yara sai maganin sha daga asibiti.

A silin gashi, kwandishana mai gilaikolik tana kwantar da ɓawon saman silin saboda tsaminta, sai gashi ya yi santsi da ƙyalli, ya rage sarƙewa. Ba ya sa gashi tsawo, ba ya dawo da gaban goshin da kitso ya cinye.

Na ji an ce yana lalata ƙoda. Gaskiya ne?

Maganar ta taso ne daga wani sinadari mai kama da shi a suna, gilayoksilik asid, wanda ake rubutawa Glyoxylic Acid. Ana sa shi a wasu mayukan miƙar da gashi irin na Burazil, waɗanda ake bi da ƙarfe mai zafi. Likitoci a Isra'ila sun ba da rahoton mutum 26 da ƙodarsu ta samu matsala bayan irin wannan gyaran gashi a 2023, sannan a 2024 likitoci a Faransa suka nuna sinadarin yana ratsa fatar kai ya zama duwatsun okzalet a ƙoda. Hukumar lafiya ta ANSES a Faransa ta gargaɗi jama'a a kansa a shekarar. Tonar kashi 5 ko 7 da ake shafa wa fuska ba ita ake nufi ba. Wadda aka miƙar wa gashi ta ji tashin zuciya, amai ko ciwon kwiɓi a ranar ko washegari, ta tafi asibiti ta faɗi abin da aka shafa mata.

Me yake yi wa farce?

Kaɗan ne, gaskiya. Yana tausasa busasshiyar fatar gindin farce da gefensa. A ɗiga tona a auduga mai tsinke, a shafa sau 2 a mako, bayan minti 5 a bi da mai. Wannan ya fi yanke fatar gindin, domin ita ce ke rufe hanya ruwa da ƙwayoyin cuta kada su shiga. Farce mai gautsi yawanci yawan jiƙewa da bushewa ne, da sabulun wanki, da ruwan goge jan farce, wani lokacin kuma ƙarancin jini. Safar hannu ta roba da mai bayan kowane wanki sun fi asid amfani a nan. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, sai ya yi kusan wata 6 kafin ya sabunta, na ƙafa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Farcen da ya yi kauri, ya yi rawaya, yana marmashewa, naman gwari ne ya kama shi, kuma gilaikolik ba ya kashe shi.

Mai juna biyu da mai shayarwa fa? Su wa ya kamata su guje shi?

Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da mai ciki za ta iya shafa wa kuraje. Ana nufin na gida, kashi 10 ko ƙasa. Retinol da haidirokwinon ne ake hana ta. Mai shayarwa kada ta shafa a ƙirji.

Masu kirci da sauran cututtukan fata masu ƙaiƙayi su bari sai ta lafa. Haka mai rauni ko ƙuna a wurin, da mai shan maganin kuraje na isotiretinoyin, da mai yawan fitar ƙurajen zazzaɓi a leɓe, domin asid mai ƙarfi yana tayar da su. Yara ƙanana babu ruwansu da shi.

Ana sayar da mai kashi 30, 50 har 70 a intanet. Zan iya yi da kaina?

Kada ki yi. Gilaikolik mai ƙarfi ba ya tsayawa da kansa, yana ci gaba da cin fata har sai an kashe shi da ruwan bekin soda (baking soda) ko an wanke shi tas. Likita yana tsaye ne da agogo, minti 2 zuwa 5, idonsa a kan fatar, da zarar wani wuri ya fara fari ya kashe. A baƙar fata alamar ja da ake dogara da ita ba ta fitowa sosai, sai an riga an ƙone. FDA ta fitar da gargaɗi a 2024 kan sayen irin waɗannan don amfanin gida. Man saɓa masu launin rawaya ko kore da ake ɗurawa a kwalba babu bayani suna cikin wannan sahun, sun ma fi haɗari tun da ba a san abin da ke ciki ba.

In ƙuna ta riga ta faru, a saki ruwa mai sanyi a wurin minti 15 zuwa 20, ba ƙanƙara ba. A shafa basilin kawai. Ban da man goge baki, ƙwai ko gishiri, ban da ɓare fatar da ke tashi, ban da shiga rana. In ya yi bororo, ko wurin ya yi fari ko toka, ko yana ruwa, a tafi asibiti a ranar. In ya shiga ido a wanke minti 15 ido a buɗe, a tafi da kwalbar.

Da hunturu zan ci gaba?

A rage. Busasshiyar iska ta riga ta tsattsage saman fata, asid zai shiga fiye da yadda ya saba. Mai yi sau 3 ta koma sau ɗaya, ta ƙara kaurin mai. In fata ta fara fari tana tsagewa a ajiye shi sai iska ta sauya. Hazo ba ya tare rana gaba ɗaya, man kariya yana nan daram.

Yaya zan gane na jabu, kuma yaya ake ajiye shi?

Kayan da suka yi suna su aka fi kwaikwaya. A duba lambar rukunin da aka buga a kwali ta yi daidai da ta jikin kwalba, a duba rubutu ko akwai kuskure ko dishi-dishi, a duba hatimin murfi, a nemi lambar rijistar NAFDAC ga abin da aka saya a Najeriya. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna abin zargi ne. Takardar auna pH da ake samu a shagon kayan gwaje-gwaje tana taimakawa: tonar gaske za ta nuna tsakanin 3 da 4. In ta nuna 1 ko 2 haɗari ce, in ta nuna 6 ko 7 ruwa aka sayar miki.

A ajiye shi a rufe, a inuwa, nesa da taga da cikin mota, inda hannun yara ba ya kai wa. Hoton ƙaramin gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 12M a ciki yana nufin wata 12 daga ranar da aka buɗe. A rubuta ranar a jikin kwalbar, in kuma launi ko ƙamshi ya sauya kafin lokacin a zubar.